Kur ɗin anglai da na sa ɗiyata, abin da na gani bayan wata 3

Jama'a salamu alaikum, wasu sun tambaye ni kan kur ɗin marece, wato ƙarin darasin turanci (anglai), da na sa ɗiyata nan unguwar Zariya, to ga abin da na gani da idona. Yarinyar nan tun siziyam, ajin farko na kwaleji, take anglai, shekara 4 a kwaleji ta samu BEPC, takardar gama kwaleji, yanzu tana segond, ajin farko na lise, kaye (littafin rubutu) cike da darasi, maki ma ba laifi, amma ka ce ta buɗe baki ta yi jimla biyu sai ta sunkuyar da kai. Kuma ban ga laifinta ba, lakwal da faransanci ake yi, gida hausa, ko ka tsallaka Jibiya ko Katsina hausar ce dai za ta fisshe ka, to da wa za ta yi?

Shi mushen, wato malamin da ke koyar da su, ba ya cika tablo da rubutu. Hoto yake ɗagawa, ko ya shigo da abu a hannu, ran da na zauna bayan aji buta ya aje bisa tebur ya ce kowa ya tashi ya siffanta ta da turanci minti guda, launinta, da mi aka yi ta, mi ake yi da ita. Abin da ya fi burge ni ba ya katse yaro ko ya yi kuskure, sai ya gama tukuna ya rubuta gyara biyu ko uku ya sa shi ya maimaita. Bayan nan sai hoton kasuwa, wa ke saye wa ke ciniki, a nan suke koyon faɗin abin da ke faruwa yanzu-yanzu.

Satin da ya wuce uwarta na daka gero a tsakar gida, sai na ji ta daga ɗaki tana bayyana turmi da taɓarya da turanci tana naɗa a waya za ta tura ma mushe ta WhatsApp, wallahi tsayawa na yi ina saurare har ta ƙare, daɗi ya kama ni.

Inda nake da ƙorafi, yaran sun yi yawa, wata rana sai a tashi layi bai zo kanta ba, ga jikka 5 duk wata. Na yi mashi magana ya raba su gida biyu, ya ce bayan hutu in sha Allah. Ni dai na riga na biya na wata mai zuwa.