Ziyarar Cape Point a Afirka ta Kudu: Abin da Na Gani a Kan Tsaunin Bakin Teku

Daga birnin Cape Town zuwa Cape Point tafiyar kimanin kilomita 60 ce, wadda ta ɗauke mu fiye da awa ɗaya a mota, domin hanyar da muka bi tana lanƙwasa ne tare da gaɓar teku ta garin Simon's Town. Wurin yana cikin babban gandun Table Mountain, kuma kuɗin shiga da baƙi ke biya ya zarce na 'yan ƙasar sosai, amma ko kaɗan ban yi da-na-sanin abin da na biya ba.

Da yawa daga cikin masu ziyara sukan nufi allon katakon nan mai ɗauke da sunan Cape of Good Hope, wani tsinin ƙasa da ke kusa da Cape Point, su bi layi, su ɗauki hoto, su koma motarsu. A ganina waɗannan ba su ga komai ba tukuna, domin darajar wurin tana can sama, inda tsohuwar hasumiyar fitila take. Akwai ƙaramin jirgi da ake ja da igiyar ƙarfe saboda tsofaffi da masu rauni, amma ni na hau matakala da ƙafa ina hutawa, kuma a kowace kwana tekun yana ƙara buɗewa a gabana. Da na isa na leƙa ƙasa, sai na ga dutse ya miƙe tsaye kamar bango, tsayinsa ya haura mita 200, igiyar ruwa tana dukan gindinsa tana tayar da farin kumfa, tsuntsaye kuma suna shawagi a ƙasa da ƙafafuna. Ban san lokacin da na fara tasbihi ba.

Labarin hasumiyar ma ya taɓa ni. An gina ta a 1859 a kan tudu mai tsayin mita 238 bisa tunanin cewa za a hango ta daga nesa, ashe tsayin ne zai zama illarta, domin hazo yakan rufe ta a daidai lokacin da matuƙa jiragen ruwa suka fi buƙatar haskenta. Bayan da jirgin Fotugal mai suna Lusitania ya daki dutse ya nutse a 1911, sai aka gina sabuwa can ƙasa, mita 87 kacal daga saman ruwa. Akwai siririyar hanya da ke bin ƙirjin dutsen zuwa inda ake hango ta, kuma a nan ne na sami natsuwa, nesa da cunkoso.

Ya kamata a sani cewa nan ba shi ne ƙarshen nahiyar Afirka ta ɓangaren kudu ba. Cape Agulhas ne, wanda ke da nisan kimanin kilomita 150 kudu maso gabas. Tarihin Cape Point dai shi ne cewa matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, Bartolomeu Dias, ya kewaya shi a 1488.

Iskar wurin tana da ƙarfi da sanyi ko da rana ta take, don haka a zo da rigar sanyi da takalmi mai riƙe ƙasa, mata kuma su ɗaure mayafinsu da kyau. Gwaggon biri sun saba da mutane, sukan fizge abinci daga hannu, kuma doka ta hana ba su. Mu a cikin mota muka ci guzurinmu, gilashi a rufe, muna kallon jiminai biyu suna kiwo a bakin ruwa.