Gyaran banɗaki a Zariya: inda za ka saki hannu da inda za ka tsuke

Kafin ka shiga Sabon Gari neman farashin tayil, fara tambayar kanka daga ina ruwan gidanka yake zuwa. Amsar ita za ta yanke maka rabin lissafi. Mai rijiyar burtsatse da tanki a sama daban, mai jiran 'yan ga-ruwa a Tudun Wada ko cikin Birni daban.

Ɗauki masai. Na zama na zamani yana cin kusan lita 6 a kowane kori, tsofaffin ma sun fi haka. Gida mai mutum 8, kowa ya shiga sau 3, lita 144 ke nan a rana, kusan jarka 6 mai lita 25. Na tsugunno kuwa ƙaramin bokiti ya ishe shi, ya fi araha, kuma ba shi da tankin da zai riƙa ɗiga ana neman mai gyara. Ni dai in banɗakin tsakar gida ne na yara da baƙi, na tsugunno zan sa. Amma in akwai tsoho mai ciwon gwiwa, ko mai juna biyu, na zama ya zama dole, ko da ɗaya ne a gidan. Kowanne ka zaɓa, ka tsaya a kan mai aiki lokacin kafawa, kada ya fuskantar da shi alƙibla ko ya ba ta baya, don in siminti ya kama, sai an fasa.

Inda ban yarda a yi tsumulmula ba shi ne abin da za a binne. Bututun ƙarfe yana tsatsa, a bar shi. Na PVC ya fi sauƙin kuɗi, shi ya dace da fitar da ƙazanta, inci 4 daga masai zuwa sokawe, amma ka nemi mai kauri. Na shigo da ruwa kuwa PPR, koren nan da ake haɗawa da wuta, ya fi tsada amma yana jure ruwan zafi. Kada a rufe bango sai an saki ruwa ya kwana an ga babu yoyo. In bututu ya fashe bayan an manna tayil, ka biya sau biyu, ga danshi ya ɓullo a ɗakin da ke jikinsa. Leƙa sokawen ma tun da rani. Wanda ya kusa cika, ruwan Agusta zai tona masa asiri.

A tayil ne ake samun rangwame. Banɗaki mai mita 1.5 da mita 2, ƙasansa murabba'in mita 3 ne kacal. Bango ke cin kuɗi: in ka kai shi sama mita 3, murabba'i 21 ke nan kafin a cire ƙofa, in ka tsaya a kafaɗa, rabin haka, sauran a shafa fenti mai mai. Tayil na gida Najeriya ya wadatar a bango. Na ƙasa kuwa shafa shi da jiƙaƙƙen hannu a shago, in da santsi ajiye shi komai kyansa. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, don launin da ka saya yau ba lalle ka same shi bayan wata ɗaya ba. Kuma ka watsa bokitin ruwa kafin ka sallami mai tayil, ka ga ko yana gangarawa rariya.

Ƙofar katako ruɓewa take daga ƙasa, ta roba ko alminiyam ta fi. Hita, na'urar dumama ruwan wanka, tana da daɗi da sanyin Disamba da Janairu, amma in wutar unguwarku ta leƙo ta koma ce, jinkirta ta, a dai ja mata bututu tun yanzu.

Kayan ka saya da kanka, mai aiki ya rubuta maka jerinsu, ka tambayi shago uku a rana ɗaya tunda farashi ba ya zama. Aikin a yi jinga, biya kashi uku, na ƙarshe sai an gwada ruwa. Ka kuma ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ka ɓoye, domin tsohon banɗaki sai an fasa daɓensa ake ganin abin da ke ƙarƙashi.