Sharhina kan mitar auna wuta da ta gano abin da ke shanye min batirin mota

Wata huɗu kenan da na sayi wannan ƙaramar mitar, maltimita ake ce mata, kuma gaskiya da tun farko na san da ita da ban canza batir ba. Matsalar motata ita ce in dai kullum ana hawanta lafiya lau take, amma da zarar ta kwana uku a ajiye sai ka zo da safe ka murɗa makulli ka ji ƙas ƙas ƙas, fitilun dashbod su yi dishi-dishi, shikenan sai neman wanda zai haɗa min waya da motarsa. Na canza batir, sabon ma bai yi wata biyu ba ya fara irin halin tsohon, a nan ne raina ya ɓaci sosai don na gane ba laifin batir ba ne, akwai abin da ke jan wuta mota na kashe.

Farkon abin da na yi da mitar shi ne auna batirin kansa. Batir mai lafiya da ya cika ya huta yana nuna wajen volt 12.6, in kuma inji na aiki ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7, nawa ya nuna 14.1 ke nan altaneta, wato na'urar da ke cika batir in inji na aiki, na caji yadda ya kamata, na cire ta daga zargi ta wannan ɓangaren.

Inda mitar ta biya kuɗinta shi ne awon wutar da ke fita mota na kashe. Za ka kashe komai ka zare makulli, ka kwance kan batir na negatif da sufana lamba 10, ka mayar da jar wayar mitar ramin da aka rubuta 10A, wato amp 10 (amp shi ne ma'aunin yawan wutar da ke wucewa), sai ka ɗora tsinken wayar mitar ɗaya a kan negatif ɗin batirin, ɗayan kuma a jikin wayar da ka cire, wato duk wutar da za ta wuce sai ta bi ta cikin mitar. Abin da ban sani ba da farko shi ne motocin yanzu ba sa yin barci nan take, kwamfutocin cikinsu kan ɗauki minti 20 zuwa 40 wasu ma fiye kafin su lafa, in ka yi gaggawa za ka ga lamba babba ka tsorata a banza. Na zauna na jira. Lambar ta yi ta sauka har ta tsaya cak a amp 0.38, wato miliamp 380, alhali abin da ake ɗauka daidai bai wuce 50 ba, na agogo da ƙwaƙwalwar rediyo da rimot. Ka lissafa da kanka, 0.38 sau awa 24 ya haura 9Ah a rana (Ah shi ne ma'aunin wutar da batir ke iya ajiyewa), batirina kuma 60Ah ne, kwana uku kusan rabinsa ya tafi, to ina zai samu ƙarfin juya kik?

Daga nan sai zare fis ɗaya bayan ɗaya ina kallon mitar. Akwatin fis na ciki yana ƙarƙashin sitiyari, dole ƙofa ta zauna a buɗe, sai na sa sukudireba na danna sakatar ƙofar ciki don motar ta ɗauka a rufe take, in ba haka ba fitilar ciki za ta ɓata awon. Na zare wajen goma sha ɗaya lambar ko motsi, ina zare na rediyo kuwa ta faɗo 0.03. Wallahi sai da na mayar na sake zarewa sau biyu don in tabbatar.

Rediyon mai allo ne da aka sa min daga baya. Da muka ciro shi ni da wani mai rewaya sai ga jar waya da rawaya an murɗe su wuri ɗaya an naɗe da salatif. Rawayar ita ce ke ɗauke da wuta kullum, ja kuma sai an kunna makulli take samun wuta, da aka haɗe su sai ya zama allon kawai ke mutuwa amma cikinsa na nan a kunne dare da rana. Raba su bai kai minti goma ba.

Yanzu abin da ban ji daɗinsa ba a mitar. Wayoyinta sirara ne kuma babu maƙalai masu baki a kwalin, riƙe tsinke biyu da hannu na rabin awa ba ya yiwuwa, kuma da ya ɗan goce wuta ta yanke motar ta farka sai ka koma jira daga farko, dole na nemi maƙalai daban. Allonta ba shi da haske, a ƙarƙashin bonet da yamma da ƙyar kake ganin lamba. Takardar bayanin kuma ba ta gargaɗi sosai kan ramin mA, wato na miliamp, ba, na mayar da waya can don in ga lamba dalla-dalla, aka danna rimot, fis ɗin cikin mitar ya ƙone nan take don 200mA kawai yake ɗauka. Ku tsaya a 10A, kuma don Allah kar wanda ya gwada tayar da mota mitar na haɗe a haka, kik na jan wuta sama da amp 100.

Abu ɗaya da ya dame ni, sabon batirin ya riga ya ji jiki, don irin wannan batirin in ya yi ta mutuwa ƙurmus ba ya komawa yadda yake, ko na cika shi yanzu a 12.4 yake tsayawa. Duk da haka satin da ya wuce na ajiye motar kwana tara ban taɓa ta ba, na zo na murɗa makulli bugu ɗaya ta tashi.