Fot a ƙirji ko allurar hannu wajen kemo

Yayata da allurar hannu ta fara kemo, wato maganin cutar daji, babu tiyata kam, amma wallahi sai an soke ta sau huɗu kafin a samu jijiya, hannun duk ya yi baƙi ya kumbura. Fot kuwa ɗan abu ne kamar kwabo a ƙarƙashin fatar ƙirji, da siririn bututu zuwa babbar jijiya kusa da zuciya, suka ɗaya an gama. Satin farko bayan tiyatar saka mata fot ɗin ta sha ciwo, kwanciya ta wannan ɓarin ta gagara, bel ɗin mota ma yana gogar wurin. Yanzu tana wankanta lafiya lau, sai dai ko babu kemo nas na wanke fot ɗin duk bayan 'yan makonni, zazzaɓi kuwa sai asibiti nan take.