Robocopy ko rsync: wanne ya fi saurin kwashe terabait 2 zuwa NAS?

Ɗan'uwa ya yi tambaya: yana da terabait 2 na bidiyo da hotuna da zai tura NAS, wato akwatin ajiyar da ke kan netwok. Cikin manhajojin kwafar fayil guda biyu, robocopy na Windows zai kama ko rsync?

Malam, kafin manhaja, layin ne ke yanke iyaka. Layin gigabit ba ya wuce megabait 110 zuwa 115 a daƙiƙa, ke nan terabait 2 sai ya ci kusan awa biyar ko da komai ya tafi daidai. In gudun ya maƙale a megabait 11 a daƙiƙa, sau da yawa kebul ne ya lalace, layin ya sauko megabit 100. Auna shi da iperf3, manhajar auna gudun layi, tukuna, kuma ka ajiye Wi-Fi.

A manyan fayilolin bidiyo, kunnen doki suke yi. Ƙananan hotuna ne ke raba gardama, domin kowane fayil sai an buɗe shi, an rubuta, an rufe, an jira amsar NAS. Rsync ɗaya bayan ɗaya yake bi, layin na zaune yana jira. Robocopy kuwa, da /MT:16, fayil 16 yake turawa lokaci guda, kuma ana iya kai shi 128, sai dai faifai mai juyawa ba ya son cunkoso. Amma kada ka manta /R:2 /W:5, wato in fayil ya ƙi, a sake gwadawa sau biyu kawai, da jiran daƙiƙa 5 tsakani. In ba ka sa ba, fayil ɗaya da ya ƙi kwafuwa zai sake gwada shi sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakani. Sai ka wayi gari aikin bai motsa ba. A kula da /MIR ma, yana goge duk abin da ke NAS wanda babu shi a tushe.

Ranar rsync ita ce zagaye na biyu, lokacin da za ka sabunta abin da ka riga ka kwafa. Ta ssh, wato hanyar shiga wata na'ura ta netwok cikin tsaro, ɓangaren fayil da ya canza kaɗai yake aikawa. In ka haɗa foldar NAS da kwamfutarka kamar faifanta, wannan dabara ba ta aiki, duk fayil ɗin da ya canza sai ya kwafe shi gaba ɗaya. Kada ka sa -z mai matse fayil kafin aikawa, bidiyo da hotuna a matse suke tun asali.

A Windows, robocopy zan ce ka ɗauka. A Linux, kwashin farko ka zuba tar, manhajar da ke ɗaure fayiloli su zama ƙunshi ɗaya, ta cikin ssh, sannan rsync -a ya bi baya ya cike abin da ya tsallake.