Bafil ɗin da ke yanke wa kiɗa wutsiya

Bafil ɗin nan na Bluetooth mai siffar ƴar ganga, wanda ya cika shaguna a Kasuwar Dole, duk ɗan Damagaram ya gan shi, kuɗinsa ma kun sani. Sati uku ke nan ina gwada shi. Mai neman abin kunna waƙar biki ko jin labarai a fada wajen shayi, ya saya, zai yi masa aiki. Maganata da masu sauraren kiɗan fim da na wasan bidiyo ce, kiɗa zalla wanda ba a ɗora murya a kansa ba.

Da farko yabo ya sha. Kiɗan wasan Super Mario Bros. na 1985, wanda Koji Kondo ya tsara, ya fito tas kamar don shi aka ƙera bafil ɗin. Da dalili: muryoyin na'ura uku ne ke ɗauke da karin, biyu sirara a sama, ɗaya mai kauri a ƙasa, sai ta huɗu mai shuu da ke tsaya wa ganga. Duka ta hanya guda suke fitowa, ba hagu ba dama, kuma ƙarfinsu bai cika hawa da sauka ba. Waƙoƙin R. D. Burman na Sholay ma ba laifi.

Asirinsa ya tonu ne a kan kiɗan wasan The Last of Us na 2013. Gustavo Santaolalla, ɗan Ajantina, da ronroco ya kaɗa shi, wani abin kiɗa na tsaunukan Andes mai tsirkiya goma. Wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi da dare ya san abin da nake nufi: a taɓa tsirkiya, a ƙyale amon ya yi ta raguwa har ya ɓace da kansa. Rabin daɗin yana cikin wutsiyar nan. To bafil ɗin ba ya barin ta. Da amo ya fara yin ƙasa sai ka ji ɗif, kamar an ɗauke kuran. In aka sake taɓa tsirkiya, kafin ya farka kan sautin ya wuce, sai ka tsinci tsakiyarsa kawai. Ba kai, ba wutsiya. Wallahi abin da ciwo.

Na zaci memori ce ko fayil ɗin, amma a ekutar komai lafiya lau. Laifin yana cikin bafil ɗin. Ƙaramin ampili mai araha, wato abin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, yana da wani shuu da ba ya rabuwa da shi, sai masu ƙira suka sa masa ƙofa: in sautin da ke shigowa ya yi ƙasa da wani mizani, ta rufe ampilin, a ɓoye shuu ɗin, a kuma tattala batir. Waƙoƙin zamani an matse su a situdiyo, daga farko har ƙarshe ƙarfinsu kusan ɗaya, don haka ƙofar ba ta rufewa, shi ya sa a shago ba za ka gane komai ba. Kiɗan fim kuwa da gangan ake barin tazara mai yawa tsakanin raɗa da tsawa, tunda wani wuri ƙarƙashin maganar ƴan wasa yake kwanciya.

Akwai dabara. Ka ƙure ƙarar salula har ƙarshe, sannan ka rage daga jikin bafil ɗin, don sautin ya shigo da ƙarfinsa ya wuce mizanin ƙofar. Wasu saluloli suna haɗe ƙarar biyu wuri guda, sai ka shiga saitin Bluetooth ka raba su. In manhajar da kake kunna kiɗa tana da wurin daidaita ƙarfin sauti, kunna shi. Igiyar jak ta milimita 3,5 ta fi duka, da ita yankewar ta ragu sosai, sai dai shuu ɗin ya dawo. Da wannan har na fara cewa to, ya ci kuɗinsa.

Sai na sa kiɗan fim ɗin Interstellar na 2014. Hans Zimmer ya gina kiɗan a kan ogan mai bututu na cocin Temple da ke Landan. A irin wannan ogan, bututu mai tsawon kusan mita 5 yana ba da amo mai kauri wajen hertz 32, wato girgiza 32 a daƙiƙa, wanda a ƙirji ake jin sa kafin kunne. Lasifikar da faɗinta bai wuce bakin kofin shayi ba, ina za ta kai can? Maimakon ta haƙura, sai ta kama karkarwa, tebur na amsawa. Faifai biyun nan na gefe da ke rawa, waɗanda mai shago ke nuna maka yana cewa ga bas, ba lasifika ba ne. Ba su da maganaɗisu, ba waya a jikinsu, iskar ciki ce ke tura su. Lasifika ɗaya ce tal, ke nan goge na hagu da ƙaho na dama duk an cusa su rami guda. A kwalin kuwa an rubuta sitiriyo da manyan baƙaƙe.

Duduk ɗin Djivan Gasparyan a fim ɗin Gladiator, ɗan'uwan algaita ne amma mai sanyin murya, shi dai ya tsira, don amonsa a tsakiya yake kuma ana riƙe shi da numfashi. Ina cikin jin daɗinsa wata mata ta kwatsa Turanci daga cikin bafil ɗin wai batir ya yi ƙasa, da ƙarar da ta ninka ta kiɗan, ga shi ba maɓallin kashe ta. Bayan ƴan mintoci ta sake.