Ɗakin karatu na makaranta ko akwatin littattafai a aji

Makarantar firamare da ke son yara su saba da karatu da kansu tana iya tara littattafanta a ɗaki guda, ko ta rarraba su cikin azuzuwa. Ɗaki guda ya fi sauƙin karewa daga gara da yoyon damina, kuma littafi ɗaya yana iya zagaya makarantar duka. Matsalarsa ita ce mabuɗi, domin ranar da malamin da ke riƙe da shi bai zo ba, a kulle ɗakin zai wuni.

Akwatin ƙarfe a kusurwar aji ya fi kusa da hannun yaro. Wanda ya gama aikin lissafi da wuri zai ɗauki ɗan littafin tatsuniya, malamar ajin kuma ta san wanda har yanzu yake fama da haɗa baƙi da wasali, sai ta zaɓa masa mai manyan haruffa da hotuna. Sai dai littattafan suna saurin yagewa, kuma yara kan karance su cikin zango ɗaya, don haka dole azuzuwa su riƙa musayar akwatuna. Daga aji ɗaya zuwa uku, akwatin nake fifitawa.